Daga ɗakin taransimita zuwa ɗakin labarai

A makarantunmu na sakandare, yaro yakan zaɓi sana'a tun bai san zaɓe yake yi ba. Da an gama jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare sai malamai su ɗauki sakamako su yi rabo: waɗanda suka ci lissafi da kimiyya a kai su ajin sayans, masu bi musu a ba su komashal, saura kuma su tafi ajin at. Babu malamin da zai fito fili ya ce ajin at na waɗanda aka tsame ne, amma har maigadin makaranta ya san yadda aka yi rabon. Namu an yi shi a 2011. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban ga abin tambaya ba, don lissafi bai taɓa sa ni gumi ba. Malam yana cikin rubuta tambaya a allo nake hango inda amsa za ta ɓullo. Ba ƙoƙarina ba ne, haka na tashi na gan ni.

Abin da raina yake so kuwa yana wani wajen. A gidanmu ba a kashe rediyo. Ƙarfe shida da rabi na safe Baba yana kan BBC, da hantsi Umma ta murɗo tashoshin cikin gari tana aikinta, da daddare a koma shirye-shiryen siyasa inda sojojin baka suke yi wa juna wankin babban bargo. Freedom Radio ta fara aiki a Kano a ƙarshen 2003, saboda haka mu mun yi wayo ne a lokacin da tashoshi masu zaman kansu suke ta ƙaruwa a garin. Ba zaƙin muryar masu gabatarwa ne ya kama ni ba. Abin da ya kama ni shi ne wakili ya je ƙauye, wani dattijo ya ce rijiyar burtsatsensu ta daɗe da lalacewa, washegari a ji shugaban ƙaramar hukuma yana kame-kame a iska. Ina aji biyar nakan ɗauki wayar Umma in naɗi labaran unguwarmu, wa ya yi aure, wace kwata ce ta toshe, in kunna wa ƙannena. A gida sunan wannan abu surutu.

Baba yana da shagon kayan wuta a Sabon Gari: waya, soket, suwic, kwan fitila, akwatin fis. Ya yi shekaru yana kallon abu guda. Ɗan kwangila zai zo da injiniya, injiniya ya duba takarda ya sa hannu ya shige mota, sannan masu haɗa wuta, waɗanda Baba ya san sun fi shi iya aikin da hannu, su wuni a rana a sallame su da abin da bai taka kara ya karya ba. Yakan ce, "Mai takarda ke sa hannu, mai fulaya ke hawa tsani." Da ya ga ɗansa na fari yana cin lissafi, ba baiwa kawai ya gani ba, amsar wata tsohuwar addu'arsa ya gani. Masu cewa "ka bi abin da ranka yake so" ba sa sa wannan nauyin a sikeli. Baiwar yaro a gida irin namu ba tasa ba ce shi kaɗai, gidan duka yana da kaso a ciki.

A 2014 na cike fom ɗin JAMB, shekarar ƙarshe da aka bar masu so su rubuta da fensir da takarda kafin a koma kwamfuta gaba ɗaya. Darussa huɗu ake ɗauka, Turanci dole, na ƙara lissafi da fiziks da kemistiri, haɗin masu neman injiniyanci ke nan. Kafin mai kafe ya tura, na buɗe kundin kwasa-kwasan na duba abin da ake buƙata a karatun aikin jarida. Adabin Turanci ne da darussan ajin at, waɗanda ban zauna musu ba a babbar sakandare, ba kuma su cikin jarrabawar WAEC da zan rubuta. Hanya ɗaya ce: in sake zama jarrabawar ƙarshen shekara ta 'yan waje da sababbin darussa, in yi asarar shekara guda, in kuma tsaya gaban Baba in yi masa bayanin dalili. Na ɗan taɓa maganar a gaban Baffa, ƙanin Baba, cikin wasa don in ji ruwan cikinsa. Ya yi dariya ya ce ai aikin rediyo ko wanda bai je jami'a ba yana yi. Daga nan na rufe bakina.

Na sami gurbi a sashen injiniyan lantarki na Jami'ar Bayero, kwas na shekara biyar. Karatu ya yi ta tafiya lafiya, kuma lafiyar nan ita ce ta ɗaure ni. Wanda yake faɗuwa yana da hujjar neman canjin kwas, kowa zai tausaya masa a taya shi neman mafita. Wanda yake ci ba shi da abin faɗa. In ka ce ba ka jin daɗin abin da kake cinyewa ba wahala, sai a ce ka butulce wa Allah. Ni ma a lokacin haka nake ganin kaina, don ga abokai suna kwana a aji a kan darasin da ni na karanta sau ɗaya na wuce.

Ƙofa ta buɗe a aji huɗu. Ɗaliban injiniyanci suna fita wata shida na koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES da ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, take kula da shi. 'Yan ajinmu suka bazama neman gurbi a kamfanin rarraba wuta, da tashar wuta ta Kumbotso, da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Ni na ɗauki takardata na kai wani gidan rediyo mai zaman kansa. Na gaya wa Baba suna da sashen injiniyoyi, kuma gaskiya ne suna da shi. Bai tambaye ni ko akwai wani dalili ba.

Sashen ɗan ƙaramin ɗaki ne a can baya, kusa da gindin eriya. Taransimita, na'urar da take watsa shirye-shirye a iska, tana tsaye a jikin bango, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa saboda ita, ga canjoba mai sauya wuta zuwa ta janareta, ga jerin batura, ga littafin da ake rubuta awannin janareta da litar dizal. Aikin yau da kullum shi ne a tabbata tasha ba ta yi shiru ba in an ɗauke wuta. Ban daɗe ba aka kawo ƙorafi cewa akwai wani ƙugi siriri a ƙarƙashin muryar masu gabatarwa a ƙaramin situdiyo, an canza makirfo, an canza waya, yana nan. Na sa abin ji a kunne na saurara. Ƙugin ba ya hawa ba ya sauka, irin na wutar gida ne mai bugawa hamsin a daƙiƙa. Na bi wayoyi da ido, sai na ga kwamfutar da ake kunna tallace-tallace an jona ta a wani soket na daban, wanda wayar atin ɗinsa, wato wadda ake binnewa a ƙasa, ba ɗaya ba ce da ta mikisa mai haɗa sauti, ga kuma wayar sauti an ɗaure ta tare da ta wuta a bayan tebur. Na mayar da su layi ɗaya, na raba wayoyin. Ƙugi ya ɗauke. Babban injiniya ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai yaron nan hannunka yana gani." Daga ranar kowa a gidan Injiniya yake ce mini.

Na yi murna da yabon, ba zan ɓoye ba. Amma kafin la'asar na manta da zancen, hankalina yana can ƙetaren baranda, inda ake jin ana rige-rigen kammala labaran yamma.

Na yi ta shisshigi a ɗakin labarai, yau gyaran firinta, gobe jona caja, har editar ta gane ba firinta ce take kawo ni ba. Mace ce da ta daɗe a aikin, ba ta da yawan magana. Wata rana bayan an sauka daga labarai ta miƙo mini takardun da aka gama karantawa ta ce, "Shiga ka karanta mu ji." Aka rufe ƙofa mai nauyin nan, jar fitila ta kama. Ban taɓa sanin numfashina yana da ƙara ba sai ranar. Takarda tana rawa a hannuna, makirfo yana ɗaukar ƙararta. Na fara da kyau, a layi na uku na ga jimlar ta fi numfashina tsawo, sai na ƙara gudu don in kai ƙarshenta, na haɗiye wutsiyoyin kalmomi, sunan wani kwamishina ya sarƙe mini na maimaita shi. Da na fito ta kunna mini. Murya ce siririya, ta hanci, ba nauyi.

"Kana karatu kamar wanda mai bashi ya biyo," in ji ta. "Wa yake korar ka?"

"Babu, Anti."

"To muryar nan ba ta karanta labaran duniya ba ce, kada wani ya yaudare ka. Amma na lura kai da kanka ka ji inda ka ɓata kafin in faɗa. Wannan wani abu ne."

Ranar na fara sanin cewa son abu ba ya sa a iya shi. A ɗakin baya ni gwani ne ba tare da na nema ba. A ɗakin da nake so kuwa, yarinyar da ta zo koyon aiki daga kwalejin kimiyya da fasaha ta fi ni nesa ba kusa ba.

Na gama jarrabawar ƙarshe, ina jiran kiran hidimar ƙasa, sai korona ta shigo. A watan Maris na 2020 aka rufe sansanonin NYSC, a tsakiyar Afrilu aka kulle Kano. Ɗakin labarai ya rasa hannu, wasu ma'aikatan suna nesa, wasu manya an ce su zauna a gida. Editar ta kira ni, aka ba ni katin shaida na wuce shingayen jami'an tsaro, ba albashi sai kuɗin mai. A nan na ga aikin a ranakun da ba na ado ba. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka tana fitar da alƙaluman korona da daddare, ni ke jiran su in mayar da su Hausa. Ga kiran waya ba iyaka a kan mace-macen da aka yi ta yi a garin a ƙarshen Afrilun, kowa da abin da ya ji, kai kuma ba ka da ikon faɗar abin da ba ka tabbatar ba. Ka kira jami'i ya ƙi ɗauka, ka sake kira ya ce yana taro. Ka rubuta labari, edita ta ja masa jan biro daga sama har ƙasa ta ce wannan Turanci ne ya sa rigar Hausa, tsohuwar da take tuyar ƙosai ba za ta gane ba, sake. Rahoton minti uku yana cinye wuni guda, a watsa shi sau ɗaya ya wuce, ba mai ce maka sannu.

Ga abin da na lura da shi a kaina a wannan lokacin, kuma a kansa na gina duk abin da ya biyo baya. In na bar ɗakin taransimita, na bar shi ke nan, ko sau ɗaya wata waya ba ta taɓa biyo ni gida ba. Amma jimlar da edita ta soke takan tashe ni da asuba da gyaranta a bakina. Gajiyar aikin wuta ba ta da yawa, sai dai ina fita daga cikinta fayau, ba abin da ya ƙaru da ni. Gajiyar labarai ta fi ta nauyi, ga cin rai, amma gari na wayewa ni ne a bakin ƙofa. Sannan wani abu yana motsi. Jan biron yana raguwa. A hankali ƙwarai, amma yana raguwa.

Hidimar ƙasa ta kai ni jihar Nasarawa a 2021. A sansanin Keffi na shiga OBS, 'yar tashar da masu hidima suke gudanarwa a mako ukun nan, kuma can ma da suka ji abin da na karanta sai suka damƙa mini lasifikoki da wayoyi. Bayan sansani aka tura ni koyar da lissafi a wata sakandare, ana ba mu alawus na naira dubu 33. Shugaban makarantar ya so in zauna. Duk inda na sa ƙafa, abin da na iya shi yake riga ni gabatar da kansa.

Da na dawo Kano a 2022 sai abubuwa uku suka tsaya a gabana lokaci ɗaya. Gidan rediyon nan ya ce yana so na a sashen injiniyoyi da cikakken albashi. Ɗakin labarai na wannan gidan dai ya ce zai ɗauke ni a matsayin ƙaramin wakili, albashin bai kai na farko ba, kuma da tazara. Wani abokin karatuna kuma ya fara harkar sola, yana neman wanda zai riƙa yi masa lissafin lodi da zane, mu raba riba.

Ban zauna ina tambayar zuciyata ba, don na san amsarta, kuma so hana ganin laifi ne. Sai na bi mutane. Na tambayi babban injiniyan yadda rayuwarsa take a ranar da ba abin da ya lalace, ya ce zama ne da jiran abin da zai lalace, kuma shi yana son hakan, hankalinsa kwance, yana da lokacin gonarsa. Na sami wani tsohon wakili da ya fi shekara ashirin yana yawo a kan babur ɗaya, har yanzu gidan haya yake. Bai ɓoye mini komai ba: albashin da yake makara, neman talla don a sami kamasho, da ambulan ɗin "kuɗin mota" da ake miƙawa bayan taron manema labarai, wanda in ka saba karɓa bakinka ya mutu, in ka ƙi kuma abokan aiki su ɗauke ka mai girman kai. Ya ce in ina da wata hanyar samu, in riƙe ta da kyau, don ita ce za ta ba ni ikon cewa a'a. Na kuma leƙa 'yan ajinmu. Wasu sun sami aiki mai kyau, amma da yawa suna zaune da digirin injiniya suna POS a bakin titi ko koyarwa a makarantun kuɗi. Wato ba zaɓi ne tsakanin arziki da talauci ba kamar yadda ake zana shi a gida. Duka hanyoyin biyu suna da rami, na gefe ɗaya dai ya fi zurfi.

Na koma wajen editar na roƙe ta ta faɗa mini gaskiya, ko zan kai wani matsayi a aikin nan. Ta ce ba ta san gaibu ba. Abin da ta sani, ba zan zama muryar da ake jira ƙarfe bakwai ba, amma ina da kunne, ina da naci, kuma ba na tsoron alƙaluma, abin da yawancin 'yan ɗakin suke gudu. "In suna kake nema, koma wajen wayoyinka. In aikin kake so, akwai wuri."

Na yi istihara. Ban yi mafarkin komai ba, dama malaminmu ya ce ba mafarki ake jira ba, a yi addu'a a yi shawara a kama hanya, in alheri ce Allah ya sauƙaƙe ta.

Saura Baba. Umma, da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma shiga maganata kai tsaye. Ƙanwata ta aika: "Ki ce wa yayanku, duk abin da zai yi ya fara zuwa wajen Baffanku." Na same shi bayan sallar isha'i a ƙofar gida, na zauna a ƙasa na zayyana masa komai. Wannan karon bai yi dariya ba.

"To, ɗana, na ji. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Wanne ne zai riƙe ka?"

"Na wutar ya fi kawo kuɗi a yanzu, Baffa."

"To me ya rage?"

"Allah ya ƙara girma, in na ce zan iya shekara talatin a kansa da zuciya ɗaya, na yi muku ƙarya."

Ya yi shiru, ya ce in bar shi da yayansa. Abin da suka tattauna ban ji ba. Bayan kwanaki Baba ya kira ni shago, yana jera kwalayen soket bai dube ni ba, ya faɗi sharuɗɗansa. Ba zan ɗauki ko sisi daga shago ba. Kason da ya sa ran zan riƙa bayarwa na kuɗin makarantar ƙannena yana nan, ban sami sauƙinsa ba. Ba zan saki aikin wuta gaba ɗaya ba. In shekara uku ta cika ban iya riƙe gida ba, in dawo ba gardama. Sannan ya ce, "Allah ya yi albarka," a gajarce. Na san abin ya yi masa ciwo, har yau kuma ban ga alamar ya daina ba. In baƙo ya zo shago ya tambayi ɗansa, digirin yake faɗa, ba aikin ba.

Na karɓi aikin ɗakin labarai. Abokina kuma na ce masa ba zan shiga a matsayin abokin tarayya ba, amma ranar Asabar tasa ce, ya biya ni a kan kowane aiki. Aikin ba wuya: ka shiga gida ka ƙirga firji da fanka da fitilu da talabijin, ka ninka wat ɗin kowanne da awannin da zai yi yana aiki, ka fitar da girman inbata da yawan batir da farantan da za a ɗora a rufi, ka ja kunnen maigida kada a jona dutsen guga. Kuɗin Asabar ɗin nan su suke biyan kason ƙannena, su ne kuma suka sa zan iya barin ambulan a kan tebur in fita.

Rahoton da ya fara sa na ji na zama ɗan gida shi ne na ƙarancin takardun naira a farkon 2023, bayan an sauya fasalin 200 da 500 da 1000. Kowa yana ɗauko muryoyin masu layi a bakin ATM. Ni na tafi kasuwar Dawanau na zauna wajen masu ɗaukar kaya, waɗanda ake biya a hannu buhu-buhu, ba su da asusun banki balle tiransifa. Da farko sun ƙi magana, sun ɗauka daga hukuma nake. Sai da na ajiye na'urar na ci abinci tare da su aka fara. Da na dawo na tace muryoyin, editar ta saurara har ƙarshe ba ta ɗauki biro ba, ta ce a sa shi a labaran yamma. Wani ne ya karanta gabatarwar, ba ni ba.

Kada in sa a ɗauka zaɓin bai ci mini komai ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai, kuɗin tayar da janareta ya gagari mutane. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Kasuwar sola ta buɗe irin buɗewar da ba mu taɓa zato ba. Abokin nan nawa yanzu yana da shago da yara da mota, da na shiga tun farko da rabin wannan nawa ne. Waɗanda suka zauna a fagen suna tara shekarun aikin da za su nemi rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN da su, ni ba na tara komai a can, abin da na sani ma yana tsufa, don lissafin batir na ranar Asabar ba injiniyanci ba ne. Ta ɓangaren jarida kuma, tsanin da kowane ƙaramin wakili a Arewa yake hange, wato kafofin waje masu sashen Hausa, ya rage mataki tun da Muryar Amurka ta yi shiru a watan Maris na 2025.

Mutane sukan ce mini ai na haɗa biyun, na huta. Suna tuna Oktoban 2024 ne, lokacin da yawancin Arewa ta shiga duhu sama da mako guda, bayan babban layin wuta na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi alhali na Shiroro zuwa Kaduna dama an lalata shi. A makon nan ni ne mai bayani a ɗakinmu, ni na san abin da zan tambayi jami'an wuta da inda suke zillewa, ni na iya faɗa wa mai sauraro dalilin da ya sa layi ɗaya zai faɗi jihohi da yawa su rasa wuta. Na ji daɗin makon. Amma mako guda ne. Sauran lokutan kotu ce, da majalisa, da farashin masara, da gobarar kasuwa, inda digirina ba ya ƙara mini komai, nake fafatawa da waɗanda suka fi ni baiwar abin. Shi ya sa na yanki fom ɗin babbar diflomar aikin jarida ta bayan digiri, wadda ake karɓar waɗanda suka karanta wani fannin, ina zuwa lakca a gajiye bayan an tashi aiki. Ga wanda yake jin ya makara, wannan ƙofar tana nan, kuma ta fi komawa JAMB sauƙi.

Shekara ukun Baba ta cika. Bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, sai ga maganar aure ta zo ta tayar da ita ta wata hanyar. Dangin yarinyar sun yi bincike kamar yadda aka saba, suka tambayi Baffa sana'ar yaro. Ya ce musu injiniyan wuta ne, yana kuma ɗan taɓa aikin rediyo. Da labari ya zo mini na je na ce masa, cikin ladabi, ai a juye abin yake, kuma gara su sani tun yanzu, don albashin wakili za a ci a gidan ba na injiniya ba. Ya ce in bari a sa rana tukuna, gyara ba ya ƙarewa. Ban iya jira ba. Da na je zance na gaya mata adadin abin da nake ɗauka a wata, da ranakun da yakan makara, da cewa ba ni da niyyar komawa ɗakin baya. Ta saurara ba ta katse ni ba, sannan ta yi tambaya ɗaya: aikin solar nan na ranar Asabar, zai ci gaba? Na ce zai ci gaba.